Tsakanin Tabarau da Tagar Kyamara

Daga gilashin tabarau zuwa ƙwayar idon mutum akwai tazarar da ba ta wuce milimita 12 zuwa 14 ba. Masu yanka tabarau sun san ta sarai, domin da ita suke lissafi. Masu ƙera kyamara kuwa sun daɗe suna yi kamar ba su san da zamanta ba, kuma saboda wannan 'yar tazara masu ɗaukar hoto da yawa suka jingine kyamarar da suka fi ƙauna da zarar sun haura arba'in da biyar. Ina maganar kyamara mai ma'aunin nisa ne, wadda 'yan sana'a ke kira renjifainda: su Leica, Contax, Zorki, Canon ta da, da Yashica Electro 35 wadda ta cika duniya bayan 1966. Da irinta na koyi hoto, da irinta nake yi har yau da furfura a gemuna, shi ya sa na bi sawun abin don in gane inda matsalar take, a ido ne ko a ƙarfe.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, ga yadda take aiki. A kyamarar da aka fi sani, mai madubi a ciki, mutum yana kallo ne ta cikin lens ɗin da zai ɗauki hoton. Yana murɗa zoben saiti, hoton yana tashi daga dishi-dishi zuwa garau, shi kuma ya yanke wa kansa hukuncin inda ya fi fitowa. Renjifainda ba ta bi ta nan. Tagogi biyu ne a goshinta, tsakaninsu 'yan santimita. Ka miƙa hannu ka ɗaga babban yatsa, ka rufe idon dama, sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu: za ka ga yatsan ya yi tsalle. Abu na kusa tsallensa babba ne, na nesa ƙarami. Haka tagogin nan biyu suke ganin duniya, kowace daga nata ɓangaren, sai wani ɗan madubi ya ɗauko abin da ƙaramar ta gani ya ɗora shi a tsakiyar abin da babbar ta gani, cikin wani ɗan fili mai haske. A cikin filin nan fuskar mutum biyu take zama. Kana murɗa zobe, fuska ɗaya tana matsawa wajen 'yar'uwarta, da sun haɗe sun koma ɗaya, saiti ya yi.

Sojoji sun riga masu hoto neman wannan dabara. A 1888 ma'aikatar yaƙi ta Birtaniya ta yi shelar tana son na'urar auna nisa, wasu malaman jami'a biyu a Leeds, Archibald Barr da William Stroud, suka amsa kira. Sojojin ruwa suka karɓi tasu a farkon shekarun 1890, kamfaninsu ya kafu a Glasgow. Gwargwadon nisan da ke tsakanin tagogin biyu, gwargwadon daidaiton awo, don haka na jiragen yaƙi suka yi ta tsawo har na jirgin Yamato na Japan ya kai kimanin mita 15. Masu leƙa su kuwa zaɓaɓɓu ne, samari da aka gwada idonsu kafin a ba su aikin. Wannan gadon ya biyo na'urar har cikin kyamara. An ƙera ta da zaton idon da zai leƙa ta ido ne na saurayi, babu komai a gabansa.

Kodak ce ta fara haɗa ma'aunin nisa da zoben saiti a kyamara, a 1916. Amma wanda ya sa abin ya zama sana'ar miliyoyin mutane shi ne Oskar Barnack, ma'aikaci a kamfanin Ernst Leitz da ke Wetzlar a Jamus. Mai ciwon asma ne, ɗawainiya da manyan kyamarori masu ƙafa uku tana wahalar da shi, sai ya ƙera ƙarama wajen 1913 zuwa 1914, mai cin fim ɗin sinima, hoto ɗaya milimita 24 da 36. Aka fitar da ita kasuwa a bajekolin Leipzig na 1925 da sunan Leica. Ta farkon ba ta da ma'auni a jikinta. Ko ka kintata nisa, ko ka sayi ma'aunin daban ka ɗora mata a ka. Sai a 1932 Leica II ta zo da nata a ciki, a shekarar da Zeiss Ikon na Dresden ya fito da kishiyarta, Contax. Kafofin leƙe biyu ne a bayan Leica ta lokacin, ɗaya ta saiti, ɗaya ta ganin iyakar hoto, kuma kowace ƙarama ce ƙwarai.

A Leica III ta 1933 aka ƙara wani abu da nake ganin ya fi yawancin abubuwan da ake yabon ta a kai daraja. Kafar saiti ta koma tana girmama abu sau ɗaya da rabi, kuma aka sa mata wani ɗan hannu da ake turawa da farce har abin da ke ciki ya fito garau daidai da idon mai kallo. Barnack ya haura hamsin a lokacin, kuma ni dai zatona mutumin da ya kai wannan shekarun ya san amfanin ɗan hannun da idonsa, ba da labari ba.

Abin da ke faruwa a ido shi ne wannan. Bayan baƙin ido akwai wani ɗan gilashin halitta mai taushi, tsoka ta kewaye shi. Idan za ka dubi abu na kusa, tsokar ta motsa, gilashin ya ƙara kumbura, gani ya daidaita. Tun daga yarinta yake taurara a hankali, ba tare da mutum ya sani ba. Franciscus Donders, likitan ido na Utrecht a ƙasar Holan, shi ya auna wannan cikin tsari, ya wallafa a 1864. Da ma'aunin da Bafaranshe Ferdinand Monoyer ya kawo a 1872, wato diyofta, yaro ɗan shekara goma yana da kusan 14, ɗan arba'in saura huɗu zuwa biyar, ɗan sittin kuwa da ƙyar ɗaya ta rage masa. Diyofta ɗaya tana nufin mafi kusan abin da zai iya gani garau yana nesa da shi mita guda. Mun san alamun a gida: mutum ya fara nesanta wasiƙa da fuskarsa, tela ya kira jika ya zura masa zare, malami ya koma neman Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe. Ba cuta ba ce, kuma babu wanda take ƙyalewa.

Maganinta ya girmi kyamara da shekara ɗari biyar da ɗoriya. Ibn al-Haytham, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya rubuta Kitab al-Manazir tsakanin 1011 da 1021, inda ya tabbatar cewa haske ne ke shiga ido daga waje, ya kuma bayyana yadda ɓallin gilashi mai tudu ke girmama abu. An juya littafin zuwa Latin, Turawa suka karanta. A 1306 wani mai wa'azi, Giordano da Pisa, ya faɗa wa jama'a a Florence cewa ba a cika shekara ashirin da gano sana'ar yin tabarau ba, don haka ake sa farkonta wajen 1286 a Italiya. Na farkon duk na tsofaffi ne, na karatu da aikin hannu. Zuwa shekarun 1460, wasiƙun sarakunan Milan sun nuna ana odar tabarau daga Florence bisa shekarun mai sawa, biyar-biyar, har da na samari masu rashin ganin nesa. Magatakarda, maƙerin zinariya, mai ɗinki, duk wanda a da yake ajiye kayan aiki yana ɗan arba'in da biyar, daidai lokacin da hannunsa ya nuna, sai ya samu ƙarin shekara ashirin. A wurina wannan na cikin manyan alheran da ɗan Adam ya taɓa yi wa kansa, kuma shi ya sa nake jin zafin ganin mai hoto ya bar kyamararsa saboda ido. Benjamin Franklin ya haɗa na nesa da na kusa a firam ɗaya a shekarun 1780. Bernard Maitenaz a Faransa ya fito da Varilux a 1959, gilashin da ƙarfinsa ke ƙaruwa sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa ba tare da layi ba.

To, kafin Varilux da shekara biyar, a bajekolin Photokina na 1954 a Cologne, Leitz ya nuna Leica M3. Contax II ta riga ta haɗa kafofin leƙen biyu wuri ɗaya tun 1936, kuma da ita mai hoton yaƙi Robert Capa ya sauka gaɓar Normandy a 1944, amma tagar M3 wani abu ne daban. Babba ce, mai haske, tana nuna duniya da girman 0.91, wato kusan yadda ido ke ganinta, har mutum zai iya barin ɗaya idon a buɗe. A ciki ga fararen layuka suna shawagi, suna nuna iyakar lens na milimita 50, 90 da 135. Ɗan filin saitin kuma gefunansa a yanke suke tsaf. Wanda ya leƙa M3 mai tsabta ba ya mantawa. Sai dai a wannan babbar taga aka zubar da ɗan hannun 1933. An kafe tagar a wuri ɗaya, diyofta rabi ƙasa da sifili, ma'ana layukan da filin saitin suna bayyana kamar suna nesa da kai mita biyu. Ga ɗan shekara talatin wannan ba komai ba ne, idonsa zai cike giɓin bai ma sani ba. Ga ɗan sittin rabin abin da ya rage masa ke nan, kuma idan wanda yake ɗauka yana kusa, a ɗaki mai ƙarancin haske, sauran rabin ma ya tafi. Har yau Leica M masu tagar gilashi ba su da madaidaicin ido a jikinsu. Sai dai ka sayi ɗan gilashi daban ka murɗa a bakin tagar.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne inda ɗan hannun ya tsira. A Kharkov ta Tarayyar Sobiyet, wata cibiyar tarbiyyar marayu da Anton Makarenko ya jagoranta ta fara kwaikwayon Leica a 1934 da sunan FED. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antar Krasnogorsk kusa da Mosko ta bi sahu da Zorki. FED-2 ta 1955 da Zorki-4 ta 1956 duk suna da madaidaicin ido, ɗan hannu a gindin mamurɗin mayar da fim. Zorki-4 kaɗai an yi fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai zuwa 1973. Kyamarori ne masu araha, masu kaushi, ba sa kama ƙafar Leica wajen kyan ƙira, amma malamin makaranta mai raunin ido zai cire tabaransa, ya tura hannun nan, ya ga komai tangaram. Masu arahar sun tuna da shi, masu tsadar sun manta.

In ka ce za ka leƙa da tabarau a fuska, nan tazarar milimita 12 take shigowa. Duk ƙaramar kafa, gwargwadon yadda ka kusantar da ido, gwargwadon faɗin abin da za ka gani. Tabarau yana ja da idon baya, sai gefuna su ɓace. A M3 mai tabarau da ƙyar yake ganin layukan 50 gaba ɗaya. Da masu aikin jarida suka koma son lens mai faɗi, sai aka rasa wurin sa layukan 35 a wannan tagar, har Leitz ya riƙa sayar da lens na 35 da wasu gilasai biyu manne a kansa masu rufe tagogin kyamara su rage girman abin da ake gani. A ƙarshen shekarun 1950 M2 ta zo da girman 0.72, mai ɗaukar layukan 35. A farkon shekarun 1980 aka cusa na 28 a cikin wannan tagar dai, can a bakin gefe, inda ko mara tabarau sai ya juya ido yake ganinsu. Mai tabarau kuwa haka yake aiki: ya dubi kusurwar hagu, ya karkata kai ya dubi ta dama, kafin ya gama, yaron da yake son ɗauka ya ruga.

Ga kuma ƙarcewa. Bakin tagar tsofaffin kyamarorin nan ƙarfe ne, wasu ma da zane-zanen riƙo a jiki. Lokacin da tabarau na gilashi ne zalla, abin da sauƙi. Da na roba ya yaɗu a shekarun 1970, mai sauƙin nauyi amma mai taushi, sai aka fara gane mai renjifainda ta gilashinsa na dama: wani ɗan da'ira na ƙarce-ƙarce a sama, daidai inda yake jingina shi. Mutane suka yi ta dabaru, wani ya yanko fata ya manna, wani ya sa zoben roba na famfo, wani tef. Ni fatar tsohon jaka na yanka da reza, na huda tsakiya, na manna da gam. Tana ƙara ja da ido baya kaɗan, amma tabarau ya huta. Daga baya kamfanoni suka fara lulluɓe bakin da roba.

Masu kyamarar madubi ne suka fara ɗaukar mai tabarau da muhimmanci. A 1982 Nikon ya fitar da F3HP, wadda ake ganin hoton duka ko da ido yana nesa da taga milimita 25, ta hanyar rage girman abin da ake gani kaɗan. Kafin nan Konica ta kawo kyamara mai saita kanta a 1977, Minolta 7000 ta 1985 kuma ta mayar da abin ruwan dare. Dattawa da yawa nan suka koma, kuma ban ga laifinsu ba. Leica sai a 2000 ta fito da taga mai girman 0.58, wadda mai tabarau ke ganin layukan 35 a sake, ya kuma hango na 28. Ciniki ne: abin da ka samu a faɗi ka rasa a daidaito, domin ƙarfin ma'auni shi ne nisan tagogi a ninka da girman taga. A M3 ya haura milimita 60, a 0.58 ya sauko wajen 40. Ga lens mai faɗi ya wadatar, ga na 90 a buɗe sai an yi hattara. A 2017, da M10, aka ƙara faɗin bakin tagar da tazarar da ido zai iya tsayawa, shekara sittin da uku bayan M3.

Wani abokin sana'ata da ya girme ni ya taɓa kawo mini kyamararsa ya ce ta lalace, filin saiti ya yi hazo. Na leƙa na ga lafiyarta lau. Na lura da tabaran da ke rataye a wuyansa, irin na tebur da ake saya a kasuwa, an rubuta +2.50 a hannunsa. Na ce, "Yaya, da wannan kake leƙawa?" Ya ce, "To da me zan leƙa, tunda shi nake gani da shi?" Na ce masa wannan an yanka shi ne don santimita 40, nisan littafi, abin da ke cikin tagar kuwa yana mita biyu. Ya cire, ya leƙa da ido tsirara, ya ce ya fi amma da saura. Rabin diyofta kawai yake bukata. Da muka samo ɗan gilashin +0.5 aka murɗa, ya daɗe yana saita ƙofar shago, da bishiyar darbejiya, da keken da ke jingine, bai ce uffan ba. Daga bisani ya ce, "Ashe ba ta tsufa ba."

Lissafin ba shi da wuya. Ka ɗauki lambar tabaranka na nesa, ka ƙara mata rabi. Mai −2 zai nemi −1.5, wanda nesansa lafiya lau zai nemi +0.5. Gara dai a gwada a shagon likitan ido, a riƙa ɗora gilasan gwaji a bakin tagar ana duba abu mai nisan mita biyu zuwa uku, domin ido ba ya bin takarda daidai wa daida. Amfanin wannan hanya shi ne ido yana manne da taga, layuka duka suna fitowa. Illarta kuma, da ka sauke kyamara ka koma cikin hazo in kana da raunin ganin nesa, alhali rabin aikin mai hoto kallo ne kafin ya ɗaga ta. Ga kuma ƙananan lambobin da ke kan lens da kan mamurɗin shota, waɗanda ke bukatar na karatu. Sai mutum ya zama yana cire wannan yana sa wancan. Mai astigmatizim, wato wanda gaban idonsa bai lanƙwasa daidai ta kowane ɓangare ba, nasa ya fi wuya. George Airy ya gyara nasa da gilashi na musamman tun shekarun 1820, amma irin wannan gilashin yana da kusurwar da dole ya zauna a kai. In ka sa shi a kyamara, da ka juya ta a tsaye kusurwar ta juya, gyara ya koma ɓarna.

Mai tabarau mai hawa-hawa kuwa sai ya koyi inda zai jingina. Sama na nesa ne, ƙasa na karatu, abin da tagar ke so yana ɗan ƙasa da tsakiyar ido kaɗan. Ɗaga haɓa ƙiris ko sauke ta yana canja komai, kuma gefunan irin wannan gilashi suna karkatar da layi.

Gilashin manne, wanda ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, shi ne ya share tazarar gaba ɗaya. Adolf Fick ya gwada shi a Zurich a 1888, a idon zomaye sannan a nasa. August Müller a Kiel ya yi nasa a 1889 don raunin ganinsa mai tsanani, amma ba ya iya jure shi fiye da rabin sa'a. Kevin Tuohy a Amurka ya kawo ƙarami na roba mai tauri a 1948. Mai taushin da aka sani yau aikin Otto Wichterle ne na Prague, wanda a ƙarshen 1961 ya harhaɗa injin yin sa a gida da kayan wasan yara na Merkur da dinamon keke. Bausch & Lomb ya kai shi kasuwar Amurka a 1971. Da shi mai hoto yana manna ido da taga kamar saurayi, kuma akwai masu gyara astigmatizim da ke zama a kusurwarsu ko ka juya kyamara. Tsufan ido dai yana nan. Wasu sai a gyara musu ido ɗaya don nesa, wanda suke leƙe da shi, ɗayan don kusa, wanda suke karanta lambobi da shi. Wasu ƙwaƙwalwarsu ta karɓa, wasu kansu ya yi ta juyawa. Masu haɗa nesa da kusa a gilashi ɗaya kuma suna ɗan rage kaifin gani, daidai abin da filin saiti ke bukata.

A wurinmu akwai ƙarin magana. Ido yana ƙara bushewa da shekaru, ga hunturu da ƙurarsa wata uku ko fiye, kuma ƙwayar ƙura ɗaya a ƙarƙashin gilashin manne ta isa ta hana ka aiki. Likitoci suna gargaɗi kada ruwan famfo ko na rijiya ya taɓa shi saboda wata ƙwayar cuta, Acanthamoeba, mai cin gaban ido, mu kuwa sau biyar muke wanke fuska a rana. Ana iya yi, a rufe ido da kyau wajen alwala, a yi amfani da wanda ake yarwa kullum, amma kuɗi ne da kulawa. Ni nakan sa shi ne ranar aiki na musamman da damina, sauran lokaci tabarau.

Duk da wannan jerin wahalhalu, na tsaya a kan cewa renjifainda ta fi kyamarar madubi mara saita kanta tausayin tsohon ido. Ita ta madubin tana tambayar ka ina ne ya fi garau, tambayar da ido mai rauni ba zai iya amsawa ba, tunda komai a wurinsa da ɗan hazo. Renjifainda kuwa tana tambayar ka ko layi biyu sun haɗu. Ido yana da wata baiwa a nan da ta ninka kaifin ganinsa na yau da kullum sau biyar zuwa goma: yana gane ɗan karyewar layi ko da layin kansa bai fito garau ba, kuma wannan baiwa ba ta saurin raguwa da shekaru. Tela mai haɗa yadi mai ratsi ya san haka, ko ba ya ganin zare zai gane ratsin da ya goce. Shi ya sa gefen filin M da aka yanke tsaf yake da daraja. Ka nemi layi a tsaye, bakin ƙofa, gefen hula, wuyan riga, ka duba inda ya ratsa bakin filin. In ya karye, murɗa. In ya miƙe, danna. A fuskar mutum ni gefen kunne ko ƙyallin da ke cikin ido nake nema. In layukan wurin a kwance suke, sai in karkata kyamara in saita, in mayar da ita.

Sannan ga tsohuwar hanyar da ba ta bukatar filin saiti sam. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Lens na 35 a kan f/8, wato da ƙofar haskensa a ɗan tsuke, in ka ajiye shi a mita biyar, komai daga mita biyu da rabi har iyakar gani zai fito. A ranarmu mai ƙarfi f/8 ba abin nema ba ne. Lens da yawa na Leica da makamantansu suna da ɗan maɗauri a ƙasan zoben saiti, kuma yatsa yana haddace shi: in yana kallon ƙasa sosai, wajen mita ɗaya da 'yan kai ne, in ya matsa gefe, mita uku, in ya kai ƙarshe, nesa. Bayan shekaru hannu yana saitawa tun kyamara ba ta iso fuska ba, kuma wannan ilimi ne da dattijo ya fi saurayi.

Abin da ba dabarar da ke gyarawa shi ne haske. Ƙofar baƙin ido tana ƙanƙancewa, gilashin ciki yana komawa rawaya, har hasken da ke isa bayan idon ɗan sittin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ɗan ashirin ba. Kyamarar ma tana nata tsufan: madubin da ke raba haske yana dusashewa, hazo yana kwanciya a gilasan ciki, filin saiti ya koma fari-fari. Mai gyara zai iya wanke ta, kuma akwai masu manna ɗan ɗigon baƙin tef a tsakiyar babbar tagar ta gaba don filin ya ƙara fitowa. Amma in an wanke, an sa gilashin da ya dace, har yanzu fitilu suna yi maka bakan gizo da dare kuma fari yana komawa ruwan ƙasa, to a je a duba yanar ido. Likitan ido Harold Ridley ya lura a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu cewa ɓarɓashin robar murfin jirgi da ya shiga idon matuƙa ba ya tayar da kumburi, sai ya dasa gilashin roba na farko a idon mutum a asibitin St Thomas na Landan a 1949. Yau aikin ba ya kai sa'a guda, kuma ana yin sa a asibitocin ido na Kano da Kaduna. Gilashin da ake dasawa yawanci nisa ɗaya yake gani, kuma ana zaɓar nisan ne kafin a shiga ɗakin tiyata, don haka mai hoto ya gaya wa likita sana'arsa da idon da yake leƙe da shi. In an saita idon don nesa, ɗan gilashin +0.5 a bakin taga ya ishe shi.